Kwana Goma Sha Ɗaya a Ramin Ganuwa

A shekara ta goma sha tara ta sarautar sarkin nan da ake yi wa laƙabi da Ɗago-Kai, ana tsakiyar damina, hatsi ya kai ƙugu bai fitar da kai ba tukuna, ƙaninsa Yarima ya sauka da runduna a bayan birni. Abin da ya biyo baya, maroƙan fada sun dunƙule shi a baiti biyu sun wuce. Ni kuwa zan faɗe shi yadda na ji daga zuriyar mutumin da yake riƙe linzamin dokin sarkin, domin a gidansu ba a yi wa labarin nan ado.

Laƙabin ba haka kawai ya same shi ba. A fadar kakanninsa talaka ba ya kallon sarki. Zubewa yake yi, goshi a ƙasa, ya yi maganarsa, wani bafade ya ɗauka ya miƙa sama yadda ya ga dama. Shi kuwa ranar da ya fara zama, wani manomi ya kawo ƙarar an cinye masa gona, sai ya ce masa, "Ɗago kanka in gan ka." Fadawa suka yi ta kallon juna. Tun daga ranar bai ƙara yanke hukunci ba sai ya dubi fuskar mai ƙara da ta wanda ake ƙara, ya dubi hannuwansu da tufafinsu. Yakan ce mutum yana iya shirya maganarsa tun daga gida, amma ba ya iya shirya ramarsa. Shi ya hana a ɗaure mai laifi cikin rana. Shi ya hana a ƙwace wa matar mamaci gona kafin ta girbe abin da mijinta ya shuka. Manya suna gunaguni a zaurukansu, talakawa kuwa suna saka wa 'ya'yansu sunansa.

To, shekara biyu kafin zuwan Yarima, hasken idon sarki ya fara tafiya. Idon yana nan garau, baƙinsa baƙi, farinsa fari, amma cikin wata shida ko rana ba ya gani. Dokar gidan kuwa a fili take: makaho ba ya zama a gadon sarauta, masu zaɓen sarki sauke shi suke yi. Mutum uku suka san zancen: sarkin kansa, da Waziri, da Sarkin Zagi.

Sarkin Zagi shi ne shugaban masu tafiya a gaban dokin sarki. Shi yake riƙe linzami, shi yake zaɓar hanya. Mutum ne ɗan shekara hamsin da wani abu, mai faɗin ƙirji, marar yawan magana, wanda ya shigo fada tun yana saurayi daga wani ƙauyen masu ginin tukwane. Da abin ya faru, sai aka dawo da shi cikin fada, aka ba shi mafici, aka zaunar da shi a ƙafar sarki ta hagu, wai sarki ya fi son fifitarsa. Mai ƙara zai zo, sarki ya ce ya ɗago kai, ya juya fuska inda murya take fitowa. Shi kuma ta bayan mafici sai ya yi ƙasa da murya: "Tsoho ne. Rigar aro ce, ta fi shi girma. Hannunsa na rawa, amma ba na tsoro ba ne." Sarki ya yi shiru kamar mai nazarin fuska, sannan ya yanke hukunci. Haka aka yi ta yi, ba wanda ya farga.

Da fari ba ya rage komai. Sai ranar da aka kawo wani bawa da ubangidansa ya ƙona masa baya da ƙarfe. Sarkin Zagi ya faɗi tabo ɗaya bayan ɗaya, har da wanda yake ruwa. Sarki ya 'yanta bawan, ya hukunta ubangidan, sannan ya shiga gida ya yi kwana uku bai ci abinci ba, yana ta tambaya ko ƙunar ta kai wuya. Waziri ya ja Sarkin Zagi gefe. Waziri ba mugu ba ne, a gaya wa kowa. Tsoho ne da ya yi wa sarakuna biyu aiki, yana son wannan fiye da na farkon. Ya ce da can in sarki ya ga abin tausayi yana iya kawar da kai in ya ishe shi, yanzu kuwa duk abin da aka zuba masa a kunne zama yake yi da shi cikin duhu, ba shi da inda zai juya. "Kana kashe shi da bakinka," in ji shi. "Rage."

Sarkin Zagi ya duba ya ga gaskiya ne. Sai ya fara ragewa. Wanda ya rame ya zama siriri. Mai tsumma ya zama mai tsohuwar riga. Mai kuka ya zama wanda ransa ya ɗan ɓaci. Sarki ya koma cin abinci, har ya yi ƙiba. Allah sarki, shi Sarkin Zagi a ransa jinya yake yi.

Yarima dai tun rigimar gadon sarauta ya bar gari, ya zauna wajen wani sarki maƙwabci ya auri 'yarsa. Can labari ya iske shi cewa yayansa ya daina fita farauta, ya daina karanta wasiƙa da kansa. Bai san tabbacin abin ba, amma ya ishe shi ya ari mayaƙa. Da aka ga hayaƙin ƙauyukan farko, sarki ya ce a buɗe ƙofofin birni huɗu har kwana uku, duk na waje su shigo. Waziri ya tuna masa da rumbuna. Sarki ya ce ai waɗanda suka cika rumbunan su ne a waje. Mutane suka yi ta kwarara da awaki da tabarmi, aka zuba su a rumfunan kasuwa da tsohuwar bargar dawaki da ke kusa da marina, dab da ƙofar yamma.

Cikinsu akwai yayar Sarkin Zagi, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Mai ginin tukwane ce, doguwa, busasshiya, mai bakin da ba ya jin tsoron kowa. Duk duniya ita kaɗai take kiransa Auta. Da ya same ta a barga tana raba wa mutanen ƙauyensu wurin kwana da sanda, ta dube shi sama da ƙasa, ta ga yadda ya yi ƙiba, ta ce to, wuyan kuma ina ya shiga, ko shi ma fada ta karɓe? Ya ce ta tattara ta bi shi gida, akwai ɗaki. Ta ce in ta bi shi wa zai riƙa yi wa waɗannan faɗa.

Kashegari sarki ya zo yi musu sannu. Ya tsaya a bakin barga ya ce su ɗago kai, suka ɗago. Bayan an watse Yaya ta kama hannun ƙanenta ta ja shi bayan wani turke.

"Auta, sarkinka ba ya gani."

Ya waiga ya ga ko wani ya ji. Ya fara rantsuwa, ta ce ya adana rantsuwarsa. Ta ce ta ɗago kai, mutumin ya kalli bangon da ke bayanta ya ce mata sannu, kuma ta ga bakin wani yana motsi a gindin doki. Shekara arba'in tana duba tukunya ta gano tsagar da mai saye ba ya gani, shi ne zai ɓoye mata? Ta yi masa alkawari ba mai ji daga bakinta. Sannan ta ce, "Ashe kai ne idon nasa. To ka ji tsoron Allah da abin da kake nuna masa."

Aka yi kwana arba'in a rufe. Yarima bai kawo hari ba ko sau ɗaya. Ya zauna ne kawai yana jiran yunwa ta yi masa aiki. Aka ci awaki, aka ci dawakin da suka tsufa, aka fara dafa fatun majema. Mayaƙan kan ganuwa suka fara cewa a fili ba za su mutu da yunwa saboda 'yan ƙauye ba. Sarki yana fita zagayen ganuwa kowace safiya, yana tambaya, ana gaya masa mutane sun ɗan yi siriri.

Wata rana da hantsi Waziri ya kira Sarkin Zagi zaurensa. Madawaki, shugaban mayaƙa, yana zaune yana kallon ƙasa. Waziri ya ce majalisa ta gama magana: gobe za a fitar da mutanen ƙauye ta ƙofar yamma. Za a gaya musu Yarima ya yarda su je su girbe gonakinsu, haka kuma za a gaya wa sarki. Sarkin Zagi ya tambaya ko Yarima ya yarda ɗin. Waziri ya ce an aika masa, bai ce i ba, bai ce a'a ba, amma mutumin da yake neman sarautar gari ai ba zai harbi talakawan garin ba. Sannan ya faɗi abin da ya kira shi dominsa. Ya ce ko me ya faru gobe, kada sarki ya ji. In ya ji zai ce a buɗe ƙofa, mayaƙa za su ƙi, majalisa za ta nemi hujjar sauke shi, hujjar kuwa tana cikin idonsa. Daga nan sai hannun Yarima, shi kuwa kowa ya san ba zai bar yayansa da rai ba.

"Yau ka je ka ɗauke 'yar'uwarka," in ji Waziri. "Wannan na yi maka."

Ya tafi. Ya tarar da ita tana ɗaure kaya, tana ta murna za ta ga hatsinta. Ya roƙe ta ta zauna, har ya durƙusa. Ta ce akwai maƙwabciyarta mai karyayyar ƙafa da ita za ta tallafa, akwai tsofaffi uku da ba su da kowa. Sai ta daina ɗaurin ta dube shi da kyau, ta tambaya ko sarki ya san da fitar nan. Ya ce an gaya masa za su gida. Ta ce wa ya gaya masa. Ya sunkuya yana taya ta ɗaurin kayan.

"To shi ke nan," in ji ta. "In wani abu ya taso ai kana tsaye kusa da kunnensa."

Ta ɗauki kayanta. Da wannan maganar ta fita, hankalinta kwance.

Da safe aka hau da sarki bisa soron ƙofar yamma don ya sa musu albarka. Waziri ya jera makaɗa da masu busa a kewayensa, ya ce kada su tsagaita. Mutane suka fita, sun fi dubu biyu, suka tsallake ramin da ke bayan ganuwa, suka nufi gonaki. Sarkin Zagi yana kallo sai ga maharban Yarima sun taso daga cikin hatsi. Kiban farko suka caki ƙasa a gaban ƙafafun mutane. Na biyu ba ƙasa suka caka ba. Jama'a suka juyo da gudu, suka iske an rufe ƙofa an danna sakata. Yarima ya fi Waziri wayo: ya san halin yayansa, ya ajiye masa su a gindin ganuwa ya ga yadda zai yi.

Ganguna suna ta tashi. Sarki ya sunkuyo ya ce, "Zagi, me ka gani?"

Yatsun Waziri suna nutse a damtsen Sarkin Zagi. Can ƙasa ya hango Yaya, ta rungumo maƙwabciyarta, ta ɗaga kai tana neman sa a cikin masu rawuna. Ya ce a ransa yau kaɗai ne, gobe Yarima zai ji kunya ya ba su hanya.

"Sun kai gonaki, ranka ya daɗe."

Sarki ya yi murmushi, ya ɗaga hannu sama ya daɗe bai sauke ba. Duk mayaƙan ganuwa suka ga hannun nan. Mutanen rami ma sun gan shi.

Yarima bai ji kunya ba, ba gobe ba, ba jibi ba. Mutane suka koma cikin ramin ganuwa domin nan ne kibiya ba ta kaiwa. Ruwan sama ya yi ta dukansu. Suka cinye ciyawar ramin, suka tone saiwoyi. Yaya ta sa aka haƙa ƙananan ramuka a gefen da ya fi tudu, ta shafe su da yumɓu da hannunta don su tare ruwa mai kyau, saboda na ƙasan ramin ya fara kashe yara.

Sarkin Zagi kuwa kowace safiya yana riƙe linzami. Sarki ya san garinsa da hanci da kunne: ya san ƙarar maƙera, ya san warin majema, ya san tsamin marina. Da suka kwana biyu ba su bi ta marina ba ya tambaya. Sarkin Zagi ya ce ruwa ya cinye hanyar. Sarki ya ce a zuba ƙasa, kada tsofaffi su zame. Yakan kuma tambaya ko an hango hayaƙin girki daga ƙauyuka, a ce masa an hango, ya ce alhamdu lillahi. Kai, wannan mutumi da an tsaga ƙirjinsa a kwanakin nan!

Da la'asar sai Sarkin Zagi ya hau ganuwa shi kaɗai, ya saka rabonsa na abinci a kwando ya zura da igiya. Hannu ɗari ke tarar kwandon. Ran nan ya koma wajen Waziri ya faɗi ƙasa yana roƙo a buɗe ko ƙaramar ƙofa a shigo da mata da yara. Waziri ya yi hawaye, hawayen gaske, ya ce in aka buɗe ba mai iya rufewa. Ya je wajen Madawaki, aka ce ba ya nan. Ya sami limamin fada, liman ya ce zai yi addu'a. Rana ta bakwai aka yanke igiyar, aka ce umarni ne. Sai ya koma jefawa da hannu.

Rana ta goma ya leƙa bai gan ta a tsaye ba. Tana zaune ta jingina da ganuwa, daidai ƙasan inda yake tsayawa, maƙwabciyar tata ba ta kusa da ita kuma. Ya kira ta. Ta daɗe kafin ta ɗaga kai. Muryarta ta zama 'yar ƙarama, sai da ya kwanta da ciki a kan ganuwa sannan ya ji.

Ta ce ba ta fushi da shi. Amma ya daina jefo abincin nan, jiya an tattake yara biyu a kansa. "Ba abin da ke hannunka muke jira ba, Auta," in ji ta. "Abin da ke bakinka muke jira."

Washegari da suka iso mararrabar da ya saba juyawa dama, sai ya ja linzami hagu. Zagagen da ke bayansa suka yi cirko-cirko. Tun kafin marina sarki ya ɗaga hanci. Ba tsamin baban rini ya ji ba. Ya ce a tsaya. Ya sauka, ya dafa kafaɗar Sarkin Zagi, suka hau matakala a hankali, mayaƙa suna ba su hanya. A bisa ganuwa ba a jin kuka, don masu kukan ba su da sauran ƙarfi. Sai tari nan da can, da ƙarar ƙudaje, da fukafukan ungulu.

"Zagi, me ka gani?"

Wannan karon bai ɓoye baki a bayan komai ba. Ya faɗa da muryar da kowa zai ji. Ya faɗi kiban ranar farko da ƙofar da aka rufe. Ya faɗi gawarwakin da aka jera a gefen kudu saboda ba mai ƙarfin haƙa. Ya faɗi matar da take ba jariri nono alhali jaririn ya mutu tun jiya. Ya faɗi cewa shi ya ce sun kai gonaki, shi ya ce ruwa ya cinye hanya, shi ya ce an ga hayaƙi. Ya faɗi har na shekara biyun da suka wuce. Hannun sarki yana kan kafaɗarsa yana ƙara nauyi.

Sarki ya matsa bakin ganuwa. Bai san abin da zai ce ba, sai abin da bakinsa ya saba ya fito: "Ku ɗago kai."

Sai daga ƙasa muryar tsohuwa ta taso, ba faɗa a cikinta.

"Mun ɗago, ranka ya daɗe. Yau kwana goma sha ɗaya."

Sarki ya juya ya ce a kira Sarkin Ƙofa, ya ce a buɗe yanzu. Sarkin Ƙofa ya zube. Ya ce Allah ya ja zamanin sarki, majalisa ta ce kada a buɗe. Kuma, ya gafarce shi, ai a gaban sarki aka yi komai. Sarki yana tsaye a nan yana kallo aka harbe su, aka rufe ƙofa, har ya ɗaga hannu. Su duk sun ɗauka nufinsa ke nan, shi ya sa ba wanda ya kawo masa kuka.

Waziri ya iso a lokacin, yana haki, ya raɗa wa sarki cewa ya yi shiru su koma fada a yi magana, har yanzu ana iya gyarawa. Sarkin Zagi ma, Allah ya sani, ya matsa hannun ubangidansa. Sarki ya zare hannunsa. Ya tura rawaninsa baya, ya buɗe idanunsa sosai ya juya su ga jama'a.

"Ban gani ba," in ji shi. "Shekara biyu ke nan ba na ganin komai. Na ji tsoron a sauke ni, na ɓoye, na ari idon wani ina yi muku shari'a da shi. Laifin nawa ne. Ku buɗe ƙofar nan, sannan ku sauke ni."

Ba wanda ya motsa. Wasu mayaƙan suna kuka, amma ba wanda ya motsa, domin kowa ya san doka: daga lokacin da maganar nan ta fita, ba sauran sarki a bisa ganuwar, sai wani tsoho makaho. Mai ba da umarni kuma sai an zaɓe shi.

Sai ya ce wa Sarkin Zagi ya kai shi ƙasa. Suka sauka cikin soron ƙofa. Sakatar ƙofar nan gungumen itace ne, ƙarti takwas ke ɗaga shi. Sarki ya lalubo shi, ya sa kafaɗa a ƙarƙashi, Sarkin Zagi ya sa tasa a ɗaya gefen. Suka yunƙura. Suka sake yunƙurawa. Rawanin sarki ya warware ya faɗi cikin taɓo. Mayaƙa sun fi ɗari a tsaye; ba wanda ya hana su, ba wanda ya kama musu. Ta ɗaya gefen ƙofar ana jin tafukan hannu suna bugun itace a hankali, don sun ji motsi. Haka suka yi ta yi har rana ta take, kafaɗar sarki ta tsage, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Sakata ko ɗan motsi ba ta yi ba.

Majalisa ta zauna zaɓen sabon sarki. Kwana uku suna jayayya, wannan yana son ɗan wane, wancan yana son jikan wane, ba mai yarda a taɓa ƙofa kafin a san wanda za a ɗora wa alhakin. Ran na huɗu suka ga ba mafita, suka aika wa Yarima ya shigo bisa sharaɗin ya bar kowa a kan sarautarsa. Ta ƙofar yamma ya shigo. Ƙarti takwas suka ɗaga sakata cikin numfashi ɗaya.

Cikin dubu biyu da suka fita, waɗanda aka kwaso da rai ba su kai ɗari shida ba. Sarkin Zagi ya sami yayarsa a inda ya bar ta, jingine da ganuwa, yumɓu ya bushe a hannuwanta. Waɗanda ke kusa suka ce jiya da hantsi ta cika. Shi ya haƙa mata kabari da kansa.

Yarima ya sa aka dafa wa waɗanda suka rage abinci daga hatsin gonakinsu da mayaƙansa suka girbe, maroƙa suka yi masa kirarin mai jin ƙai. Yayansa kuwa bai kashe shi ba. Ya ce me zai yi da jinin makaho? Ya ba shi wani gidan gona a bayan gari. Da Sarkin Zagi ya ji wannan hukunci sai ya zauna a ƙasa a tsakiyar fada. Abin da ya ji wa tsoro har ya sayar da kwana goma sha ɗaya saboda shi, ashe ba ma zai faru ba.

A jerin sarakunan garin abin da aka ajiye kaɗan ne: Ɗago-Kai, shekara goma sha tara, makanta ta sauke shi. Ba a ambaci rami ba. Ni dai da na tsufa ina juya labarin nan, ba Yarima ne yake hana ni sukuni ba, irinsa ba su ƙarewa. Abin da yake damuna shi ne, cikin mutum ukun nan ba marar tausayi. Waziri ya tausaya wa gari, Zagi ya tausaya wa sarki, sarki ya tausaya wa kowa amma ya ji tsoron rasa gadon da yake tausayin daga kansa. Kowannensu ya zaɓi wanda yake kusa da shi ya kare shi daga jin zafi, zafin kuwa bai ɓace ba, gangarawa ya yi ya sauka a kan waɗanda suke ƙasa. Mulki ya kasance a hannun mai tausayi shekara goma sha tara, ranar da aka fi bukatarsa kuma ya kasa ɗaga itace guda. Allah shi ne mai juya al'amura.

Sarkin Zagi ya ajiye sarautarsa ya bi ubangidansa gidan gona, ya riƙe masa sanda shekara shida har tsohon sarkin ya rasu. Jikokin Sarkin Zagi sun ce ranar da suka isa, tsohon sarki ya zauna a bakin ƙofa ya ce masa abu ɗaya yake roƙo, kada ya ƙara jin tausayinsa. Sannan ya ce ya gaya masa kamannin matar nan da ta amsa masa daga rami, yadda take da, da yadda ya same ta.

Ya gaya masa duka, tun daga tsawonta har yumɓun hannunta. Bai rage komai ba.